Yadda Ake Kafa Ƙaramar Tashar Wutar Sola a Ƙauye

Ƙaramar tashar sola tasha ce da ke samar da wuta daga hasken rana, ta raba wa gidaje da shagunan gari ɗaya ta wayoyinta na kanta, ba tare da dogaro da babban layin wutar ƙasa ba. A Najeriya, ƙa'idar da hukumar NERC mai sa ido kan harkar lantarki ta fitar a 2016, ta kuma sabunta a 2023, ta sa tashar da ƙarfinta bai wuce megawat 1 ba a wannan rukuni. Kafa ta kan ci watanni da dama, kuma ɗaura farantan sola shi ne ƙaramin aiki a ciki. Mafi yawan lokacin a bincike yake tafiya, da zama da jama'a, da neman kuɗi.

Ana farawa da zaɓen gari. Kamfanin da zai yi aikin yakan duba hotunan tauraron ɗan'adam da bayanan hukumar REA, mai kula da kai wuta karkara, don gano garuruwan da ke nesa da layin wuta, waɗanda gidajensu suke a haɗe. Garin da gidajensa suka warwatsu yana cin waya da turaku masu yawa kafin a kai wa mutum ɗari wuta, don haka irinsa ya fi dacewa da ƙananan sola na gida-gida. Ana kuma duba hanya, ko babbar mota za ta iya shiga da damina, da yanayin tsaro, da ko akwai kasuwa mai ci. Dole ne a tuntuɓi kamfanin rarraba wuta na yankin, a ji ko yana da shirin jawo layi zuwa garin nan kusa.

Daga nan sai ƙidayar buƙata, kuma a nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace. Ma'aikata kan bi gida-gida da shago-shago suna rubuta abin da ake da shi: ƙwan wuta nawa, fanka nawa, talabijin, firij, injin niƙa, injin markaɗe, keken ɗinki, injin walda, famfon ban-ruwa. Tambayar mutum ko zai biya kuɗin wuta ba ta da amfani sosai, domin kusan kowa zai ce zai biya. Abin da ya fi nuna gaskiya shi ne abin da yake kashewa yanzu: man janareta, batirin tocila, kuɗin cajin waya a shago. Wanda yake sayen fetur kullum don injinsa abokin ciniki ne tabbatacce. Ana kuma rubuta lokacin da kowa ke amfani da wuta, domin gidaje sun fi buƙatarta daga magariba zuwa dare, sa'ad da rana ta riga ta faɗi, alhali masu sana'a da rana suke aiki. Garin da duk buƙatarsa ta dare ce sai an tara masa batura masu yawa, kuma batir na cikin kayan da suka fi tsada a tashar. Garin da yake da masu niƙa da walda da sayar da ƙanƙara yana shan wutar kai tsaye daga faranti da tsakar rana, a farashi mafi sauƙi ga kowa. Kuɗin manomi ma yana da lokaci: aljihu na cike da kaka, ya ƙafe a tsakiyar damina, kuma lissafin da bai san da wannan ba zai yi kuskure.

Zama da jama'a yana tafiya tare da ƙidayar. Ana ganawa da dagaci da masu unguwanni, da limamai, da shugabannin 'yan kasuwa, da mata a nasu zaman, tunda su ne suka fi sanin abin da ake kashewa a cikin gida. A zaman ake bayyana farashi a fili, a kafa kwamitin wuta na gari, a sa hannu kan yarjejeniya tsakanin kamfani da al'umma. Filin tasha kuwa sai an rubuta shi da shaidu da sanin ƙaramar hukuma, ko da kyauta aka bayar. Filin gado da aka karɓa da baki kawai kan tayar da rigima bayan an riga an zuba siminti.

Da bayanan ƙidaya injiniyoyi suke fitar da girman tasha. Misali, idan gari na buƙatar kilowat-awa 300 a rana, aka ɗauki awa 5 na cikakken haske, aka cire kashi ɗaya cikin huɗu na asarar zafi da ƙura da waya, za a buƙaci faranti masu ƙarfin kilowat 80. Ana yin lissafin ne da watan da rana ta fi ƙaranci, kamar Agusta mai hadari, ko lokacin hazon hunturu. Zafin bazara ma yana rage ƙarfin faranti, domin haske yake so, ba zafi ba. A arewacin Najeriya akan karkata farantan su fuskanci kudu da kimanin digiri 10 zuwa 15. Sai a zaɓi batir: na dalma ya fi araha amma yakan gaji cikin shekara 3 zuwa 5, na litiyam kan kai kimanin shekara 10. Inbata ce ke juya wutar faranti da ta batir zuwa irin wadda kayan gida ke sha. Galibi akan ajiye janaretan dizal na ko-ta-kwana. Tashar Rokota da ke jihar Neja, wadda aka buɗe a ƙarshen 2019 da ƙarfin kilowat 64, tana nuna girman da tashar ƙauye kan kasance.

Kuɗin aikin kan fito daga aljihu uku: jarin kamfani, bashi, da tallafi. Shirin kai wuta da REA ta gudanar da dala miliyan 350 na Bankin Duniya daga 2018 ya riƙa biyan kamfani tallafi a kan kowane gida ko shago da aka haɗa, bayan an je an tabbatar wuta na isa. A Disamba 2023 bankin ya amince da wani shirin, DARES, na dala miliyan 750. Hikimar biya bayan aiki ita ce hana a karɓi kuɗi a bar tasha rabi. Babbar matsalar ita ce kayan da dala ake saye, mutanen gari kuma da naira suke biya, don haka faɗuwar naira tsakanin lissafi da sayayya na iya rusa kasafi gaba ɗaya.

Ta fuskar izini, tashar da ba ta wuce kilowat 100 ba rajista ta ishe ta, wadda ta haura kuma sai ta sami takardar izini da amincewa da farashinta. Akwai kuma rahoton tasirin aikin ga muhalli. Tun da dokar lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi damar kafa nasu hukumomin, wajibi ne a bincika wa ke da iko a jihar da ake aikin.

Ginin kansa ba ya daɗewa idan kaya sun iso, kuma an fi yin sa da rani. A share fili, a kewaye shi, a kafa ƙarafa, a ɗaura faranti, a gina ɗakin batura mai iska ko na'urar sanyaya, a kafa turaku, a ja waya, a sa wa kowane gida mita mai biya-kafin-amfani. Binne wayar kariya daga tsawa ba abin wasa ba ne. Kafin a kunna, hukumar NEMSA takan duba ingancin aikin.

Bayan bikin buɗewa ne ainihin aikin ke somawa. Faranti na iya kai shekara 25, amma sai an riƙa wanke shi, musamman da hunturu, abin da ke nufin sai an tanadi ruwa tun farko. Ana horar da matasan gari kan ƙananan gyare-gyare da sayar da katin wuta, kamfani kuma yana kallon tashar daga nesa ta intanet. Cikin kowane kuɗin da ya shigo dole a ware na sauya batir. Tashoshi da yawa da aka bayar kyauta sun mutu ne ranar da batirinsu ya ƙare babu asusun sayen wani. Kamfanoni masu lura kan ba masu sana'a bashin injin niƙa na lantarki ko firiza su biya a hankali, domin wutar rana ta sami mai saye. Tsofaffin batura kuma sai a mayar da su ga masu sarrafawa na halal, saboda gubar dalma na cutar da yara ƙwarai.

Idan wata rana babban layi ya iso garin, ƙa'idar NERC ta tanadi mafita: tasha mai izini na iya haɗewa da layin ta yarjejeniya tsakanin kamfanin tashar, kamfanin rarraba wuta da al'umma, ko kuma kamfanin rarrabawa ya karɓi kayan ya biya diyya bisa ƙimar da ta rage musu.