Ƙyanƙyasar ƙwan kaza a na'ura: darasin farko

Uwargida, ƙwan kaza yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 21, na zabuwa kuwa cikin kwana 26 zuwa 28, don haka kada ki haɗa su zubi ɗaya. Zaɓi ƙwai daga garken da ke da zakara, wanda bai wuce kwana 7 ba, mara tsaga, kuma kada ki wanke shi.

Zafin na'ura ya tsaya a digiri 37,5. A Damagaram, daga Mirriya har Tanut, zafin bazara yakan haura digiri 40, abin da ke kashe ɗan tsako tun yana cikin ɓawo. Ajiye na'urar a ɗakin ƙasa mai sanyi, nesa da rufin kwano. Zubin farko ya fi dacewa da damina ko hunturu. Sai dai iskar hunturu busasshiya ce, kada faifan ruwan na'urar ya ƙafe. Idan wuta ta ɗauke, lulluɓe ta da bargo, kada ki buɗe.

Ki juya ƙwai sau 3 kullum har kwana na 18. A kwana na 7 haska shi da tocila cikin duhu: mai rai yana nuna jijiyoyi ja, wanda ba su bayyana ba a jefar. Daga kwana na 18 ƙara ruwa, ki daina juyawa.

Masu faɗakarwa, ku tunatar da iyaye mata: kada na'ura ta cinye rabon yaro. Daga wata 6 a ba shi ƙwai dafaffe sosai, a marmasa masa cikin kunu. Zancen cewa ƙwai yana koya wa yaro sata camfi ne.