Wasan Tafin Hannu

A Gaya, bakin Kogin Kwara, yara na wasa da wayar salula. Iyaye na faɗa, wai ɓata lokaci ne. To, me ke cikin irin wannan wasa?

A 1989 kamfanin Nintendo na Japan ya fito da Game Boy, ƴar na'urar wasa ta hannu. A 1993 aka yi mata wasan Zelda. Yaro ne, sunansa Link, teku ta jefa shi tsibiri. Sai ya ratsa kogo takwas masu ƙofofi a kulle. Rubutu ke nuna masa hanya. Wanda bai iya karatu ba, sai ya yi ta bulayi.

Malam, zauna da ɗanka. Ka ce ya karanta, ya fassara maka. Nan za ka gane ko yana karatu a makaranta.

Tambaya: Me ke nuna wa Link hanya?