Shaidar Inshorar Mota: Takarda a Cikin Mota ko Kwafi a Wayar Salula?

Tun daga ranar 1 ga Fabrairu, 2025, lokacin da Rundunar 'Yan Sandan Nijeriya ta fara tilasta wa masu motoci mallakar inshora a duk faɗin ƙasa, wata tambaya ta addabi 'yan kasuwa masu motocin haya da na dakon kaya: shin wace shaida ce ta fi dacewa direba ya riƙe a kan hanya, takardar da aka buga ko kwafin da ke cikin wayar salula?

Da farko, ya kamata a fahimci abin da doka ta wajabta. Tun shekarar 1945 aka kafa dokar da ta tilasta inshorar mutum na uku, wato wadda ke biyan diyya ga wanda mota ta kaɗe ko ta lalata wa dukiya, ban da ɓarnar da ita motar ta samu. A watan Agusta na 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wajabcin kuwa yana nan daram. Kafin nan, daga ranar 1 ga Janairu, 2023, Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin wannan inshora na motar gida daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 a shekara, ta kuma ƙara iyakar diyyar dukiya daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3.

Ita takarda tana da alfanu a bayyane. Ba ta buƙatar caji ko sabis, tana zama cikin mota ko da an sauya direba, kuma jami'in da ke shingen bincike zai duba ta ba tare da an miƙa masa waya ba. Haka nan mai ƙetare iyaka zuwa Benin, Togo ko Ghana, inda ake neman shaidar inshorar ƙungiyar ECOWAS, ya fi samun sauƙi da takarda a hannu. Sai dai takarda kan jiƙe, ta yage ko ta ɓata. Babbar illarta kuwa ita ce sauƙin buga ta jabu, sana'ar da 'yan cuwa-cuwa suka daɗe suna yi a bakin ofisoshin lasisin mota.

Kwafin waya, wanda kamfanoni da dama ke aikawa da zarar an biya kuɗi, ba ya jin ruwa, kuma ana iya sake buga shi a kowane gari. Amma idan batir ya mutu tsakanin Lokoja da Okene, ko aka sace wayar, shaida ta tafi ke nan. Daɗin daɗawa, sau da yawa kwafin na cikin wayar maigida ne a Legas, alhali direba na can Onitsha da kaya.

To, abin lura shi ne, da takardar da kwafin duk alamu ne kawai. Ainihin shaida ita ce sunan motar ya shiga rumbun bayanan inshora na ƙasa, NIID, wanda Ƙungiyar Kamfanonin Inshora ta Nijeriya ke gudanarwa. Kowa na iya shigar da lambar mota a shafin rumbun a intanet ya ga ko inshorarsa ta gaskiya ce da kuma ranar ƙarewarta. Wanda ya sayi takardar jabu don tsimin 'yan dubbai, ranar da motarsa ta daki ta wani, daga aljihunsa zai biya diyyar da kamfani zai ɗauka har Naira miliyan 3, ga kuma tuhumar tuƙi ba inshora. Araha, in ji Hausawa, ba ta ado.

Saboda haka matakai huɗu sun wadatar. Na ɗaya, a sayi inshora daga kamfani ko dillali mai rajista da NAICOM. Na biyu, a bincika rumbun bayan biya, a tabbatar lambar mota da sunan mai ita sun yi daidai, domin kuskuren harafi ɗaya kan jawo gardama a shinge ko wajen neman diyya. Na uku, a buga takarda a ajiye tare da sauran takardun mota, sannan a sauke kwafin cikin wayar direba da ta maigida yadda zai buɗu ko babu sabis. Na huɗu, mai motoci da yawa ya rubuta ranar ƙarewar kowace inshora a littafin ajiyarsa, ya sabunta tun da sauran mako biyu, domin motar da aka tsare da kaya a kan hanya asararta ta ninka kuɗin inshorar shekara sau da yawa.