Shekarar Da Ƙungiyar Cleveland Ta Sha Kashi Sau 134

Wani mai sauraronmu daga Damagaram yana tambaya: wace ƙungiya ce ta fi kowace shan kashi a kakar wasa guda a tarihin babbar gasar besbol ta Amurka, wasan nan da ake bugun ƙwallo da sanda?

To malam, amsar ita ce Cleveland Spiders, a shekarar 1899. Ta ci wasa 20 kacal, aka doke ta sau 134.

Laifin ba na 'yan wasan ba ne sosai. Masu ƙungiyar, 'yan'uwan juna Frank da Stanley Robison, sun sayi wata ƙungiyar a birnin St. Louis, inda suke ganin 'yan kallo za su fi yawa. Sai suka kwashe gwanayen Cleveland, har da shahararren mai jifa Cy Young, suka kai can. Wannan, a ganinmu, cin amanar magoya baya ne ƙarara.

Mutanen Cleveland suka ƙaurace wa filin ƙungiyar. Kuɗin ƙofa bai isa ko kuɗin jirgin ƙasa da masaukin baƙi ba, don haka ƙungiyoyi suka ƙi zuwa, dole Cleveland ta buga yawancin wasanninta a waje. A can ta sha kashi sau 101. Akwai lokacin da aka lallasa ta sau 24 a jere.

Da kakar ta ƙare, aka rage ƙungiyoyin gasar daga 12 zuwa 8, kuma Cleveland na cikin waɗanda aka rushe.