Burkin da ke cikin ƙwaƙwalwa: darasi daga ɓerayen gwaji

Duk wanda ya taɓa ganin mai farfaɗiya ya faɗi zai lura da abu ɗaya: yawanci bayan minti ɗaya ko biyu jijjigar takan lafa da kanta. To, me ke tsayar da ita? Wani ɓangare na amsar daga ɓerayen ɗakin gwaji ya fito.

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da sinadarai suke aika wa juna saƙo. Gulutamet shi ne totur, GABA kuma burki. Farfaɗiya kan tashi ne idan ɗimbin ƙwayoyi suka ɗauki wuta lokaci guda, totur ya fi ƙarfin burki. Amma akwai burki na biyu, wato wasu gajerun sarƙoƙin amino asid da ake kira nurofeftayid. Su ba a cika sakinsu ba sai ƙwayoyin sun yi ta harba saƙo ba ƙaƙƙautawa. Ka ga ke nan kamar don ranar tsanani aka tanade su.

Fitacce a cikinsu shi ne NPY, mai amino asid 36, wanda aka gano a ƙwaƙwalwar alade a 1982 a Cibiyar Karolinska ta Suwidin. Don a ga aikinsa, masana kan yi wa ɓera allurar sinadarin kayinet ko filokafin, sai farfaɗiya ta kama shi. Bayan haka NPY yakan ƙaru sosai a hifokamfas, sashen da ke taimaka mana wajen haddar karatu, inda yake rage fitar gulutamet. A 1996 masu bincike a Amurka suka samar da ɓerayen da ba su da NPY kwata-kwata, sai ga shi farfaɗiya ta fi saurin kama su. Galanin ma burki ne. Sai dai ba duka ne na kirki ba: CRH, mai alaƙa da tashin hankali, yana tayar da jijjiga a jariran ɓeraye.

Me ya hana a mai da NPY ƙwayar magani? Ciki zai narkar da shi kamar nama, ko ya shiga jini ma akwai shingen da ke hana shi ƙetarawa ƙwaƙwalwa. An gwada dasa ƙwayar gadonsa a hifokamfas ɗin ɓeraye, farfaɗiyarsu ta ragu, amma fa ɓera ba mutum ba ne. Har yanzu da sauran aiki.

'Yan uwa ɗalibai, ciwon da ake iya kunnawa da allura, a rage shi da sinadari, ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba a kuma ɗaukarsa ta yawu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu shi za su iya daina faɗuwa idan sun sami magani yadda ya kamata. In wani ya faɗi a hostal, kada ku watse, kada ku cusa masa cokali a baki. Ku kawar da abin da zai ji masa ciwo, ku kwantar da shi ta gefe. In jijjigar ta wuce minti 5, sai asibiti.