Darasin Lafiya: Yaron da Idonsa Ke Karkata Wajen Hanci

Darasinmu na wannan wata domin iyaye ne, da malaman makarantar Lahadi, da zumuntar mata a Dutse, Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu. Za mu duba batun yaron da idonsa ɗaya ke karkata wajen hanci, abin da ake kira harara-garke. Mukan ji ana cewa halitta ce, ko kuwa zai miƙe in yaro ya girma. Jiran nan yana iya jawo asarar ganin ido guda.

Me ke kawo shi?

Kowane ido yana da tsoka 6 masu juya shi. A cikinsa kuma akwai wani ɗan madubi mai laushi da ke ƙara kauri idan muna duban abu na kusa. Allah ya haɗa ayyukan nan biyu. Mu kawo yatsa kusa da hanci mu gani: ido yana ƙoƙarin ganin yatsan sarai, idanun biyu kuma suna juyowa ciki tare.

Akwai yaran da ƙwayar idonsu ta ɗan gajarta. Sai sun yi wannan ƙoƙari fiye da kima kafin su ga abu garau, ko da na nesa ne. Yawan ƙoƙarin shi ke jan idon ciki. Yakan bayyana a shekara 2 zuwa 3, da farko jefi-jefi, in yaro ya gaji ko yana duban abu a hannunsa, daga baya ya zauna.

Ina haɗarin yake?

Ƙwaƙwalwar yaro ba ta jure ganin abu biyu-biyu, sai ta daina aiki da karkataccen idon, ganinsa ya raunana. Kafin shekara 7 gyara ya fi sauƙi, bayan haka yana wuya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Me za mu yi?

1. Mu haska fuskar yaro da tocila daga nesa kaɗan. Ɗigon hasken ya kamata ya faɗa wuri ɗaya a idanun biyu.
2. Idon jariri yakan yi yawo a watannin farko. In ya wuce wata 4 yana karkata, a kai shi asibiti.
3. In aka ga fari a tsakiyar baƙin ido, a tafi nan da nan.
4. Kada a ɗiga nono ko ruwan ganye a ido.

Mu fara da Babban Asibitin Dutse ko asibiti mafi kusa, mu nemi ma'aikacin ido. In an tura mu Kano, akwai Asibitin Ido na ECWA, wanda aka kafa a 1943. Za a ɗiga magani mai sa idon ya saki, sannan a auna tabarau. Ga irin wannan yaro, tabarau yana ɗauke wa ido wahala, sai ya miƙe. In an cire tabarau idon ya sake karkata, ba tabarau ne ya ɓata shi ba. A ci gaba da sa shi dukan yini. Wani lokaci akan rufe lafiyayyen idon na 'yan awoyi domin raunannen ya koyi aiki. Wanda tabarau bai miƙar ba, musamman in abin ya fara kafin wata 6, yakan bukaci tiyata.

Tambayoyi don tattaunawa

Akwai irin yaron nan a unguwarmu? Wa zai raka mahaifiyarsa asibiti? Yaya za mu hana yara yi wa mai tabarau ba'a?

Ubangiji ya ba mu zuciyar kula da ƙanananmu. Amin.