Yadda Za Ka Zana Makarantar Koyon Zayyanar Gini a Tafoki

Babu jami'a a Tafoki, kuma ba a shirin aza harsashinta gobe. Amma ɗalibin zayyanar gine-gine, in ya kai ajin ƙarshe, akan ce ya zaɓi fili ya tsara gini a takarda tun daga tushe har rufi, kuma cikin ayyukan da malamai suke son bayarwa akwai wannan: zana mana ginin sashen da kai kanka kake karatu a ciki. Wani ƙanena ɗan ƙaramar hukumar Faskari ya zo mini da irin wannan furojet, ya ce shi a Tafoki yake so ya ɗora nasa. Na yi murna ƙwarai. Abin da na gaya masa ne nake rubutawa a nan, don na san akwai irinsa a Zariya da Kano da Wudil da Katsina, 'yan Ƙanƙara da Sabuwa da Dandume, masu son su zana wa garinsu abu.

Ka riƙe magana ɗaya tun yanzu, ƙanena. Wannan gini ba kamar ginin sashen lissafi ko na shari'a ba ne. Wanda zai zauna a cikinsa gini ya zo koyo, kuma kafin lakcara ya buɗe baki, bango da taga da rufi sun riga sun fara karantar da shi. In ginin ya yi ƙarya, ƙarya zai koya.

Mataki na farko: je ka taka filin

Kada ka buɗe kwamfuta tukuna. Hoton tauraron ɗan'adam zai nuna maka iyakar fili, amma ba zai gaya maka inda ruwa yake kwanciya a watan Agusta ba. Nemi izinin mai unguwa, ka nemi dattijon da ya noma wurin shekara da shekaru, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Baba, in damina ta yi nisa, ta ina ruwa yake bi?" Zai nuna maka da sandarsa, kuma abin da ya nuna ya fi duk wata taswira da za ka sauke daga intanet. Tambaye shi burtalin shanu, da tsohuwar maƙabarta in akwai, da zurfin rijiyoyin unguwar, da inda magina suke ɗibar ƙasa.

Kowace bishiya ka sa ta a zanenka da sunanta: ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, kuka. Ɗorawar da ta shekara hamsin ba ka da kuɗin sayen inuwarta, sai dai ka gina a gefenta. Je wurin sau uku a rana guda, da hantsi, da azahar, da la'asar sakaliya. In halin tsaro bai bari ka daɗe ba, kada ka yi ganganci. Tafi da ɗan gari, ka yi abin da za ka yi da rana, ka dawo.

Kafin ka bar filin, haƙa rami kamar kamu biyu, ka wuce baƙar ƙasar sama ta noma, ka ɗebo ta ƙasa. Zuba ta a kwalba har kusan rabi, cika da ruwa, girgiza sosai, ka ajiye ta kwana. Da safe za ka ga tsakuwa da yashi sun zauna a ƙasa, laka a tsakiya, yumɓu a can sama. Auna kaurin kowanne da rula. Ɗauki hoton kwalbar nan ka liƙa a allonka na farko, domin daga gare ta bangonka zai fito.

Mataki na biyu: ƙirga mutane kafin ɗakuna

A Najeriya karatun yakan ɗauki shekara huɗu na digirin farko, da biyu na digiri na biyu, kafin a nufi rajista da hukumar ARCON wadda aka kafa a 1969. Wato aji shida ke nan. A ce ka ɗauki ɗalibai 50 a kowane aji na digirin farko, da 25 a kowane aji na sama: mutum 250. Ba kowa murabba'in mita huɗu da rabi, wanda zai ɗauki teburin da takardar A1 za ta kwanta a kai, da kujera, da akwatin ajiya, da hanyar wucewa. Sutudiyo kaɗai ta ci murabba'in mita 1,125.

Sauran sai su biyo baya: zauren juri (inda malamai suke tantance aikin ɗalibai), ɗakin lacca, laburare, ɗakin kwamfuta, wurin kafinta da na walda, ofisoshin malamai, masallaci da wurin alwala, banɗakuna na maza daban na mata daban. Ƙara kusan kashi 30 cikin ɗari don baranda da matakala da kaurin bango. Abin da ɗalibai suka fi mantawa shi ne filin gwaji a waje, inda za a kwaɓa ƙasa, a buga bulo, a tayar da baka a rushe a sake. A ganina makarantar gini da ba ta da wurin taka ƙasa da ƙafa ba ta cika ba.

Mataki na uku: je ka ga aikin magabata

Za a ce ka kawo nazarin gine-gine uku ko huɗu. Fara da Zariya, inda karatun nan ya zauna tun 1955, lokacin da aka dawo da shi daga Ibadan, kafin ma a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Shiga sutudiyo a Samaru da dare, ka ga yadda ɗalibai suke zama da gaske, ka tambaye su abin da yake damunsu da ginin. Daga nan ka shiga birni ka nemi izinin ganin tsohon Masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim. Tsaya ƙarƙashin bakan gizon nan ka ɗaga kai. Azara ɗaya ba ta ƙetare abin da ya wuce kamar mita biyu ba tare da ta lanƙwashe ba, amma da ɗora gajeru kan gajeru aka rufe wannan fili duka. Lissafi ne, ba ado ba.

Sannan ka duba aikin 'yan zamani. A Dandaji ta Nijar, garin Hausawa, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallaci laburare, suka gina sabo da bulon ƙasa, aka gama a 2018. A Gando ta Burkina Faso, Francis Kéré ya gina firamare a 2001 ya ɗaga kwano sama da silin na bulo don iska ta ratsa tsakani. Shi ne ya karɓi kyautar Pritzker a 2022. Kada ka kwafi kamanninsu. Zana yankan ginin da hannunka har ka gane ta ina zafi yake fita.

Mataki na huɗu: rana, iska, hadari

Nan ne aikin yake, nan kuma nake so ka daɗe.

Yankin Faskari yana tsakanin digiri 11 da 12 arewa da tsakiyar duniya. Ma'anar wannan ita ce daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta rana tana bi ta arewa da kai da tsakar rana, sauran watanni kuma ta kudu. Littattafan da aka rubuta don Ingila za su ce maka tagar arewa ba ta ganin rana. A Tafoki tana gani. Sai dai a watan Yuni ranar tana can sama, wajen digiri 78, don haka ɗan baki kaɗan ya isa ya kare tagar. A Disamba kuwa tana sauka kudu zuwa wajen digiri 55: tagar da tsayinta ya kai mita ɗaya da rabi tana bukatar rumfar da ta fito kusan mita ɗaya. Ga baranda ta samu wurinta ke nan. Sa ta a kudu, sa manyan tagogin sutudiyo a arewa.

Shimfiɗa ginin ya yi tsawo daga gabas zuwa yamma, gajerun bangaye su fuskanci fitowar rana da faɗuwarta. Ranar la'asar ta watan Afrilu tana shigowa a kwance, babu rumfar da take tare ta. Bangon yamma ka toshe shi da matakala ko sito ko banɗaki. Bangon gabas kuma shi ne mai shan dukan hadari, domin a ƙasar Hausa ta gabas ruwa yake tasowa da iskarsa. Duba tsofaffin soraye za ka ga gabashinsu ne ya fi zaizayewa. Ba shi bakin rufi mai faɗi da yaɓe mai ƙarfi.

Hunturu yana zuwa daga arewa maso gabas da ƙurarsa, ga shi kuma ka sa manyan tagogi a arewa. Kada ka ɓoye wannan cin karo, domin 'yan juri za su gan shi. Warware shi: tagogin arewa su zama masu rufuwa ruf, a shuka layin darbejiya ko maɗaci can nesa kaɗan su rage ƙarfin iskar, ƙananan kafofin fitar zafi kuma su koma can sama kusa da rufi. Ɗakin kwamfuta da firinta ka kai su ɓangaren da ƙura ba ta kaiwa.

Haske daga taga yana shiga kamar ninki biyu zuwa biyu da rabi na tsayin kan tagar daga daɓe. In kan taga ya kai mita 3.6, kuma akwai taga ta ɓangare biyu, sutudiyo mai faɗin mita 12 za ta wadatu da hasken Allah har la'asar. A wurin da wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan lissafi ya fi janareto.

Na taɓa zama a wani juri inda wani yaro mai hannu sosai ya kawo gini gilashi tun daga ƙasa har sama, yana fuskantar yamma. Zanen ya yi kyau. Wani dattijon malami ya tambaye shi a hankali, "Ɗana, ƙarfe huɗu na yamma a watan Afrilu, in an ɗauke wuta, ina ɗalibanka za su zauna?" Yaron ya yi shiru, idonsa ya kawo ruwa. Wata shida ya yi yana aiki, ba wanda ya tsayar da shi ya yi masa tambayar nan tun farko. Abin ya tsaya mini a rai har yau.

Mataki na biyar: jera ɗakunan

Gidan Bahaushe ya riga ya ba ka tsari: zaure, shigifa, tsakar gida. Mai da zauren juri ya zama zauren makarantar, a bakin shiga, inda baƙo da magini da iyayen ɗalibi za su ga aikin da ake yi ba tare da sun kutsa ciki ba. Sutudiyoyi su kewaye tsakar gida mai bishiya, 'yan aji ɗaya suna hango 'yan aji huɗu, domin rabin wannan sana'a a wurin na gaba ake koyonta. Wurin kafinta da walda ya yi nesa da laburare. Kada ofisoshin malamai su ɓuya a bene na sama.

Alƙibla daga nan tana wajen digiri 68 daga arewa zuwa gabas. Daidaita masallaci da ita, ka kuma tabbata mai zama a banɗaki bai fuskance ta ba, bai ba ta baya ba. Ka tuna ɗalibai mata: sutudiyo wurin kwana aiki ce, su ma suna bukatar wurin salla da hutawa da hanyar komawa masauki mai haske. Mai keken guragu kuma ya shiga ta ƙofar da kowa yake shiga, a kan gangaren da bai wuce 1 cikin 12 ba. Dokar kare haƙƙin naƙasassu da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta wajabta wa gine-ginen jama'a samar musu hanya.

Maganar tsaro ba za ka tsallake ta ba. Duk wanda ya san daren 11 ga Disamban 2020, da aka kwashi ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, ba zai zana makaranta a wannan yanki kamar ba abin da ya faru ba. Gini ba ya maganin 'yan bindiga, amma yana iya rage sakaci. Matso da shi kusa da gari, kada ka jefa shi bakin daji don kyan hoto. Ƙofar shiga ta yau da kullum ta zama ɗaya, wadda mai gadi yake gani. Ƙofofin gudu su yi yawa, masu buɗuwa daga ciki. Taga mai ƙarfen da ba ya buɗuwa tarko ce ranar gobara.

Mataki na shida: kayan gini da ruwa

Koma ga kwalbarka. In ƙasar tana da yashi da yumɓu daidai gwargwado, bulon jar ƙasa da aka matse da inji, da siminti kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, zai ba ka bango mai jinkirta zafin rana har dare. Ɗora shi a kan harsashin dutse ko kankare da ya ɗaga daga ƙasa, don danshi da gara. Faɗin mita 12 ya fi ƙarfin azara, kuma giginya ta yi ƙaranci, don haka yi amfani da ƙarfe ko kankare ba tare da jin kunya ba. Tulluwa da bakan gizo ka bar wa zaure da masallaci, inda magina na gargajiya za su yi aikin ɗalibai na kallo. Zankwaye da dagin da aka liƙa a kan bulon siminti ba sa mai da gini na Hausa.

Ruwan sama a wannan yanki yana kai wajen milimita 1,000 a shekara. Rufi mai murabba'in mita 1,000 zai tara kusan lita 800,000 bayan an cire asara. Nuna inda indararo yake zubarwa, da tankin da zai karɓa, da inda sola za ta zauna.

Mataki na bakwai: zane da ranar juri

Taswirar fili a 1:500, fulan da fuskoki da yanka a 1:100, bango ɗaya daga harsashi zuwa rufi a 1:20. Yi samfurin kwali tun da wuri, ka fita da shi rana ka juya shi ka ga inda inuwa take faɗuwa. Hoton kwamfuta mai ƙyalli ya zo a ƙarshe, in lokaci ya ragu. Buga takardunka kwana biyu kafin juri.

Ranar, fara da filin, ba da ginin ba. Ajiye kwalbar ƙasar Tafoki da bulo guda da ka buga da hannunka a kan tebur. In an tambaye ka abin da ba ka yi tunani a kai ba, ka ce, "Malam, ban duba wannan ba, zan gyara," ka rubuta.

In an gama, ka buga kwafi ɗaya na fulan ɗin, ka kai wa dattijon da ya nuna maka hanyar ruwa, ka yi masa bayaninsa da Hausa.